Man hantar kifi: wa zai amfana, wa ya kamata ya ajiye cokali?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Tudun Wada, Kaduna. Maigidana ya sayo babbar kwalbar man kifin nan da ake kira kod liba a kemis, ya ce yana ƙara lafiya. Yanzu mu uku muke sha, kowa cokali ɗaya da safe: mahaifiyarsa da ke fama da ciwon gwiwa, da yaronmu ɗan shekara uku wanda ƙafafunsa suka ɗan lanƙwashe, sai ni, ga shi ina da ciki wata biyu. Maƙwabciyata ta ce wai yana da illa. Don Allah mene ne gaskiyar amfaninsa, kuma mu ci gaba ko mu daina?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, Allah ya raba lafiya, ya ba Hajiya sauƙi, ya raya yaro. Abin da kike so ki sani shi ne ko cokali ɗaya na man nan ya dace da dattijuwa, da ƙaramin yaro, da mai sabon ciki, duk lokaci guda. Bai dace ba, domin kowannenku da lissafinsa. Zan fara da wanda ba ya jira: ke ki dakata da sha daga yau, kuma ranar da za ki awo ki tafi da kwalbar a jaka ki nuna musu.

Abin da ke cikin cokalin

Ana tatso man ne daga hantar kifin kod, kifin ruwan sanyi na arewacin tekun Atlantika. Kin san shi ba ki sani ba: busasshen kifin nan mai tauri da ake kawowa daga Norway, wanda ake sayarwa a Kasuwar Sheikh Gumi da sunan okporoko, shi ne ko danginsa na kusa. A shanya naman, a dafa hantar a fitar da mai. Abu uku ne ke cikinsa masu muhimmanci: bitamin A, bitamin D, da kitsen omega-3 iri biyu da ake rubutawa EPA da DHA.

Cokalin shayi ɗaya, wato mililita 5, na man da ba a rage masa ƙarfi ba yana ɗauke da bitamin A kimanin mikrogiram 1,350, wanda wasu kwalabe ke rubutawa da wani ma'aunin bitamin da ake kira IU, wato IU 4,500. Bitamin D kimanin IU 450. Omega-3 kuma ya kusa giram ɗaya. To amma wane cokali kuke amfani da shi? Wannan ita ce tambayar da nake fara yi wa duk wanda ya zo da irin wannan magana, domin mafi yawan gidaje cokalin cin shinkafa ake ɗauka, shi kuwa yana cin mililita 10 zuwa 15. In an cika shi, bitamin A ya haura mikrogiram 4,000. Iyakar da aka gindaya wa baligi a rana, daga abinci da magani gaba ɗaya, 3,000 ce. Abin da jikin mace yake buƙata kuwa 700 ne kacal, namiji 900.

Bitamin C idan ya yi yawa, fitsari ne ke fitar da shi. A da D ba haka suke ba. A cikin mai suke narkewa, jiki kuma ajiye su yake yi, musamman bitamin A da hanta ke tarawa wata da watanni. Shi ya sa illar ba ta bayyana a ranar farko ko makon farko, har mutum ya saki jiki.

Ba duka kwalabe ne ƙarfinsu ɗaya ba. Wasu kamfanonin yanzu sun rage bitamin A ƙwarai, har zuwa kusan mikrogiram 250 a mililita 5. Wasu kuma sun bar shi da yawa. Saboda haka ki juya bayan kwalbarku ki nemi layin bitamin A, ki duba a kan wane awo aka rubuta adadin: mililita 5 ne, ko 10, ko 15. Idan da IU aka rubuta, ki raba da 3.3 ki sami mikrogiram. Kwalbar da ba ta rubuta adadin ba sam, ba ta cancanci shiga bakin kowa ba.

Me ya sa man ya yi suna haka? A garuruwan masana'antu na Ingila da arewacin Turai, hayaƙi da doguwar hunturu sun hana yara ganin rana, ƙasusuwansu suka riƙa yin laushi suna lanƙwashewa. A 1919 Edward Mellanby ya nuna da gwaji a kan karnuka cewa man hantar kifi na warkar da cutar. A 1922 Elmer McCollum a Amurka ya gano cewa wani sinadari ne dabam da bitamin A ke wannan aiki, aka sa masa suna bitamin D. Maganin gaske ne ga matsalarsu. Sai dai a tsibiran Lofoten na Norway, inda ake kama kifin, rana kan yi makonni ba ta fito ba a watan Disamba. Mu a Kaduna ko a tsakiyar damina ba mu rasa ta, fata kuma da hasken rana take ƙera bitamin D. Matsalarmu ba lallai ta zama irin tasu ba.

Ke mai ciki

Watanni ukun farko su ne lokacin da ake halittar fuska, zuciya da ƙwaƙwalwar jariri, kuma bitamin A na cikin abubuwan da ke tsara wannan gini. Ƙarancinsa matsala ne, yawansa ma matsala ne. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 1995 ya gano cewa matan da ke shan fiye da IU 10,000 a rana daga magunguna, wato mikrogiram 3,000, sun fi haihuwar jarirai masu tawaya a waɗannan sassa. Hukumar lafiya ta Birtaniya kai tsaye take ce wa masu ciki su guji man hantar kifi, su kuma guji cin hanta.

Kada hankalinki ya tashi. Idan cokalin shayi kika riƙa sha, kina ƙasa da iyakar sosai. Ko da babban cokali ne na 'yan makonni, galibin irin waɗannan cikin lafiya ƙalau ake haihuwarsu. Abin da ake gudu shi ne taruwa: ga man kifi da safe, ga ƙwayar ƙarin jini mai haɗe da bitamin iri-iri, ga tsiren hanta da maigida ya shigo da shi da dare. Soyayyar hantar saniya da ba ta kai giram 100 ba tana ɗauke da fiye da mikrogiram 6,000. Ki gaya wa ma'aikaciyar awo tsawon lokacin da kika yi kina sha da girman cokalin, ita za ta duba ko akwai buƙatar yin hoton ciki na musamman idan cikin ya kai wata biyar.

Abin da cikinki ke buƙata yanzu shi ne folik asid da maganin ƙarin jini da ake bayarwa a wurin awo. Idan omega-3 kike so, ki ci kifin titus, ko shawa, ko sadin na gwangwani sau biyu a mako. Manja, karas, zogale, kabewa, gwanda da mangwaro kuwa ki ci son ranki. Nau'in bitamin A da ke cikinsu jiki ne ke sarrafa shi gwargwadon buƙatarsa, ba ya yi wa ciki wannan illa.

Ƙafafun yaro

A nan ne aka fi yin asarar lokaci, kuma a nan zan fi daɗewa. Da farko, ba kowace lanƙwasa ce cuta ba. Yara da yawa suna fara tafiya da 'yar bakar ƙafa, ta miƙe da kanta wajen shekara biyu, wasu ma su ɗan yi gwame wajen shekara uku zuwa huɗu kafin ƙafar ta daidaita. Amma yaron da ya kai uku ƙafarsa na nan a lanƙwashe, ko tana ƙaruwa, ko ɗaya ta fi ɗaya, wannan sai an duba. Ki taɓa wuyan hannunsa, ko ya yi kauri fiye da na sa'anninsa. Ki shafa ƙirjinsa ta gefe, inda haƙarƙari ke haɗuwa da guringuntsi, ko za ki ji ƙulle-ƙulle a jere kamar 'ya'yan carbi. Ki tuna ko ya yi jinkirin tafiya, ko yana yawan cewa a ɗauke shi ƙafa na ciwo. Waɗannan alamomin laushin ƙashi ne. Daga nesa ba mai iya yanke hukunci a kan ƙafar yaro, sai an gan shi yana tsaye yana tafiya, an ɗauki hoton wuyan hannu da gwiwa, an yi gwajin jini. Sashen yara na Asibitin Barau Dikko ko na Shika za su iya wannan.

Idan ma laushin ƙashin ne, a yankinmu sanadinsa ya fi karkata ga ƙarancin kalsiyam a abinci, ba ƙarancin bitamin D ba. Likita Tom Thacher da abokan aikinsa sun gwada wannan a Jos, aka buga sakamakon a 1999. Sun raba yara 123 masu cutar gida uku: wasu bitamin D kaɗai, wasu kalsiyam kaɗai, wasu duka biyun. Bayan mako 24, kusan kashi 60 cikin 100 na waɗanda suka sami kalsiyam sun warke ko sun kusa, waɗanda aka ba bitamin D kaɗai kuwa kashi 19 ne. Kalsiyam ɗin da yaran suke samu a abinci bai wuce miligiram 200 a rana ba, alhali ana so ya haura 500. An ga irin wannan a wasu ƙauyukan da ke kewaye da Kaduna. Dalilin a fili yake: an yaye yaro, an ɗora shi a kan koko da tuwon masara, babu nono, kuma hatsin kansa yana da wani sinadari da ke riƙe ɗan kalsiyam ɗin da ke ciki ya hana hanji tsotsa.

Man hantar kifi ba shi da kalsiyam ko kaɗan. Ana iya shekara ana ba yaro, ƙashin na ci gaba da lanƙwashewa. Abin da zai taimaka shi ne kofin madara ko kindirmo, wanda ke ba da kusan miligiram 300, da ƙananan busassun kifi a daka su har ƙayarsu a zuba a miya, da miyar kuka, da zogale, da riɗi, da kunun tamba ga mai samunta. In likita ya tabbatar da cutar, zai rubuta kalsiyam da bitamin D a gwargwadon da ya dace, na wata uku zuwa shida, ya sake ɗaukar hoto.

Sai lissafin bitamin A. Yaro ɗan shekara 1 zuwa 3 mikrogiram 300 yake buƙata a rana, iyakarsa 600. Daga 4 zuwa 8 iyakar 900 ce. Kin ga cokalin shayi ɗaya na mai ƙarfin ya ninka iyakar yaronki fiye da sau biyu. Ga shi kuma gwamnati na ɗiga wa yara bitamin A sau biyu a shekara a makon kula da lafiyar mata da ƙananan yara: shuɗiyar ƙwaya mai IU 100,000 ga 'yan wata 6 zuwa 11, ja mai IU 200,000 ga 'yan shekara 1 zuwa 5. Wannan ki tabbata yana samu, domin yana rage mace-macen yara da tsananin ƙyanda, an kuma lissafa shi ya wadatar na watanni. Bugu da ƙari, doka ta wajabta wa kamfanoni ƙara bitamin A a man girki, sukari da fulawa, shi ne hoton idon nan da kike gani a jikin leda. Yaron da ke samun waɗannan ba ya buƙatar ƙari kullum sai da umarnin likita. Alamomin ya yi yawa su ne rigima marar dalili, ƙin cin abinci, amai, bushewar fata da tsagewar leɓe, zubar gashi, ciwon ƙashi, a jariri kuma maɗiga ta kumbura.

Abu ɗaya da nake roƙon iyaye da kakanni: kada a yi wa yaro ɗurar mai. Idan aka toshe masa hanci yana kuka aka zuba, man na iya bi ta maƙogwaron iska ya sauka huhu. Mai ba ya sa tari mai ƙarfi yadda ruwa ke yi, sai ya kwanta can ya haddasa ciwon huhu mai wuyar ganewa, wanda maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya kawar da shi. Jaririn da bai kai wata shida ba kuwa nonon uwa zalla, in kuma likita ya ga yana buƙatar bitamin D, akwai na ɗigawa mai IU 400 wanda ba shi da bitamin A.

Gwiwar Hajiya

Ciwon gaɓɓai iri-iri ne. Akwai amosanin da garkuwar jiki ke kai wa gaɓoɓi hari: yatsun hannu biyu su kumbura, mutum ya tashi da safe a sandare fiye da awa guda. A kan wannan akwai hujja mai kyau. A garuruwan Dundee da Edinburgh na Birtaniya an gwada mutum 97 na wata tara, aka buga a 2008. Cikin waɗanda suka sha giram 10 na man a rana, kashi 39 cikin 100 sun iya rage maganin ciwonsu da kusan kashi ɗaya cikin uku ko fiye, cikin waɗanda aka ba ƙwayar da ba ta da man kuwa kashi 10 ne. Omega-3 ne ke rage kumburi, kuma yana ɗaukar wata biyu zuwa uku kafin a ji.

Amma ciwon gwiwar tsufa yawanci zaizayewar guringuntsi ne, wanda ke tsananta da hawa bene, tsugunno ko tashi daga zaman tahiya. A kansa hujjar man ba ta da ƙarfi. Maganar da ake yi cewa yana zuba wa gwiwa mai ba haka jiki ke aiki ba, hanji narkar da shi yake yi kamar kowane kitse. Rage nauyin jiki da ƙarfafa naman cinya sun fi shi tasiri: ta zauna a kujera ta miƙe ƙafa ta riƙe daƙiƙa 10, sau 10 kowace ƙafa, safe da yamma. In tana so ta gwada man, ban hana ba, da cokalin shayi ɗaya da aka auna da murfin awon maganin yara, bayan cin abinci, na wata uku. In ba ta ga bambanci ba ta bari. Ni na fi son ta koma man jikin kifi, wanda aka rubuta omega-3 kawai, saboda yawan bitamin A na tsawon shekaru, sama da mikrogiram 1,500 a rana, an danganta shi da raunin ƙashi da karyewar ƙugu ga matan da suka daina al'ada.

Kafin nan a bincika jakar magungunanta. Idan tana shan magungunan hana jini daskarewa irin su warfarin, clopidogrel ko aspirin saboda zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, sai likitanta ya sani, haka ma idan za a yi mata tiyata ko cire haƙori. Mai ciwon hanta, irin hepatitis B da ya yi yawa a cikinmu, hantarsa ba ta jure tarin bitamin A. Mai tsakuwar ƙoda ko ciwon ƙoda ya yi hattara da bitamin D. Matasa masu shan isotretinoin saboda ƙurajen fuska kada su haɗa shi da man nan ko kusa, dangin bitamin A ne, haka kuma ba a so a haɗa bitamin A mai yawa da magungunan kashe ƙwayoyin cuta doxycycline ko tetracycline. A gaskiya abin da ya fi ba ni tsoro a jakar tsofaffi ba man kifi ba ne, magungunan rage ciwo ne, diclofenac da piroxicam, da ake saye a kemis ana sha kullum, su ne ke huda ciki su lalata ƙoda.

Zuciya, mura da sauran alkawura

Omega-3 na sauke kitsen jinin da takardar gwaji ke rubutawa TG, amma sai an sha giram 2 zuwa 4 a rana. Neman wannan adadi daga man hanta zai kai mutum ga gubar bitamin A, don haka ba hanyarsa ba ce. Manyan gwaje-gwaje biyu na 2018, ɗaya a Amurka mai mutum sama da 25,000, ɗaya a Birtaniya mai masu ciwon suga sama da 15,000, ba su ga giram ɗaya a rana ya rage manyan cututtukan zuciya a jimlace ba. Yawansa ma yana ɗan ƙara haɗarin bugun zuciya marar tsari. Batun mura, 'yan Norway da kansu sun gwada a mutum 34,601 lokacin korona, rabi man hantar kifi rabi man masara, sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna babu bambanci a kamuwa da korona ko cututtukan numfashi.

Wanda zai fi amfana shi ne baligin da ba ya cin kifi kuma ba ya shiga rana: matar kulle a gidan da aka rufe tsakar gidansa da rufi, tsohon da ke kwance, ma'aikacin da ke fita da asuba a mota ya dawo da magariba. Hasken da ya ratso gilashin taga ba ya ƙera bitamin D. Irin waɗannan, in ba ciki ko shirin ɗaukarsa, cokalin shayi ɗaya ya kusa biya musu IU 600 da ake buƙata. Mai dundumi kuwa ya je Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke nan Kaduna a duba shi, domin ba ƙarancin bitamin A kaɗai ke hana gani da dare ba.

Saye da ajiya

A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Hanta ita ce ke tara dattin teku, kamfanin kirki tace man yake yi, na bogi ba ruwansa. Ƙwayoyin da ake haɗiya sun fi sauƙin sha, sai dai man cikinsu kaɗan ne, rabin giram zuwa giram ɗaya, omega-3 ɗinsu bai taka kara ya karya ba, ga shi sau da yawa an ƙara musu bitamin A da D. Kada a ninka su don a cimma cokali. Ɓawonsu kuma da gelatin ake yi, wanda kan fito daga saniya, kifi ko alade, mai kula da halal ya karanta.

Gyatsa mai ƙarni, ƙwannafi da sakin ciki su ne ƙorafin da aka saba ji, kuma suna raguwa in an sha a tsakiyar abinci. Zafi da haske da iska su ne ke ɓata man, a watan Maris da Afrilu kuwa kwalbar da ta yi wata a kantar kemis mai kwanon rufi ta riga ta sha wuya kafin ta iso gida. A zaɓi kwalba mai duhu, ƙarama wadda za ta ƙare da wuri. In an buɗe a sa a firiji, a gama da ita cikin lokacin da aka rubuta a jiki, yawanci wata biyu zuwa uku. Inda wuta ba ta zama, a ajiye a wuri mafi sanyi a ɗaki, nesa da taga da murhu, a goge bakin kwalbar a rufe da kyau kowane lokaci. Mai kyau ƙarninsa kaɗan ne. Idan ya koma wari mai hawa kai irin na tsohon fenti, ko yana ƙona maƙogwaro, ya lalace, a zubar. Masu ƙwaya su riƙa huda ɗaya da allura lokaci-lokaci su shinshina, kuma in sun manne da juna a cikin roba, zafi ya riga ya taɓa su.